Tasi'u da Sabar da Ke Rabuwa

Duk wanda ya ji sunan Tasi'u ya san mutum takwas sun riga shi zuwa gidan. A ƙauyensu, can tsakanin Tsanyawa da Bici, wannan ba ƙaramar magana ba ce, don ƙasar wajen ta cika da mutane har ta batse. Gona tana jingine da gona, babu daji babu saura, iyaka kuwa layin gamba ne ko 'yan shukokin lalle. Da mahaifinsu ya rasu aka raba gandu, abin da ya faɗo wa Tasi'u ɗan fili ne wanda in ka tsaya a wannan gefe za ka yi hira da na wancan gefen ba tare da ɗaga murya ba. Yakan ce wa matarsa Asama'u gonarsa tana da kirki, ba ta taɓa gajiyar da kowa ba.

Da ya ga ƙasa ba za ta riƙe shi ba, sai ya kama karatu. Ya yi kwalejin horar da malamai ta Bici, ya ɗan koyar a firamare, amma zuciyarsa tana wani shagon gyaran kwamfuta da ke bakin tasha, inda yake zuwa ya zauna in an tashi daga makaranta. Tun yana kallo har aka fara miƙa masa sukundireba. Daga baya ya je Kano ya yi kwas, ya dawo da takardar shaida da tabarau da wata ɗabi'a ta yawo da burushin fenti a aljihun gaba, inda sauran mutane ke sa biro. Duk na'urar da ya gani sai ya kaɗe mata ƙura kafin ya gaisa da mai ita.

Mutum ne mai sanyin hali, mai jinkirin yanke shawara har ya ba ka haushi. Asama'u ta rantse sai da kasuwa ta ci ta sake ci yana juya hula ɗaya a hannun mai huluna kafin ya saya, kuma da ya zo gida ya ce anya wadda ke kusa da ita ba ta fi ba. Amma in ya ce abu zai yi, to zai yi. Wannan ne ya sa Alhaji Basiru ya ɗauke shi aiki.

Alhaji Basiru attajirin Tsanyawa ne, irin attajiran da ba ka gane su a tufa. Da jaki ya fara, yana bin ƙauyuka yana sayen gyaɗa tiya-tiya. Lokacin da Tasi'u ya zo hannunsa yana da sana'a uku a jere a bakin hanya. Akwai siton hatsi, wanda babban ɗansa Jamil ke tsaye a kai. Akwai shagon taki da iri a hannun ƙanen Jamil, Abdulƙadir. Sai injin matsar man gyaɗa, wanda 'yar Alhaji, Ummu Salma, ke gudanarwa da matan da ke mata aiki. Kowace sana'a tana da kwamfutarta da ke riƙe bayanin abin da ya shigo da abin da ya fita, Tasi'u kuma shi ne mai kula da su duka. Da wannan aiki ya yi wa ɗakinsa rufin kwano, da shi ya sa 'ya'yansa a makaranta.

Bai taɓa yaudarar kansa a kan aikin ba. Ya san aikin ya kai a ajiye mutum guda dominsa ne kawai saboda sana'o'in uku suna ƙarƙashin hannu ɗaya. Kowacce ita kaɗai ba ta buƙatar fiye da mai gyaran da za a kira in abu ya lalace. Ranar da suka rabu, ranar kujerarsa za ta tashi, kuma babu gonar da zai koma ta ɗauke shi shi da iyalinsa. Alhaji kuwa ya tsufa, sandar da da yake riƙewa don ado yanzu da gaske yake dogara ta.

Kwamfutocin nan tsofaffi ne, kowacce da irin gurnaninta, kuma duka a wuyan sola ɗaya suke. Da rani lafiya lau. Da damina kuwa, hadari na haɗuwa batir zai fara kuka, su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kuma ba sa tashi mutuwa sai ranar kasuwa, manoma sun yi layi da buhuna a kan babura, kowa yana sauri ya koma gona. Da abin ya ishi Tasi'u, sai ya sami Alhaji a rumfar da yake zama a gaban siton.

"Alhaji, shawara na zo da ita. A sayi kwamfuta ɗaya mai ƙarfi, irin wadda ake ce wa sabar, a kwashe aikin ukun nan a zuba mata. Shagunan kuma su riƙa shiga cikinta da ƙananan kwamfutocin hannu, waɗanda ba sa shan wuta."

"A haɗa taki da man gyaɗa a mazubi ɗaya?" in ji Alhaji.

"Ba za su haɗu ba. Akwai manhajar da ake sa mata ta tsaga ta. Kamar gida ne, Alhaji: katanga ɗaya, amma kowa da ɗakinsa da makullinsa. Kowane ɗaki ji yake shi ma kwamfuta ce cikakkiya. In na taki ya sami matsala, na hatsi bai ma san an yi ba."

Alhaji ya ce a sayo. Aka kawo ta daga Kano a bayan ƙaramar bas, Tasi'u na rungume da kwalin tun daga tasha. Ya share wani ɗan ɗaki a bayan siton, ya toshe ramukan ɓeraye, ya kafa fanka. Saura zaɓen manhajar da za ta tsaga ɗakunan, kuma a nan ne kowa ya san za a daɗe.

Guda uku ya ware. Ta farko ta wani babban kamfanin ƙasar waje ce, kuma ita ya koya a Kano, sunanta ne ma a jikin takardar shaidarsa. Komai nata a tsare yake, gwanin sha'awa. Lasisi gare ta da ake sabuntawa duk shekara da sunan kamfani ɗaya, tana kuma da tsirfa, ba kowace na'ura take yarda ta hau ba. Amma in ta rikice akwai masu ita, ka kira su su amsa. Ta biyu a cikin manhajar da ma'aikatan suka riga suka saba da ita take zuwa, saboda haka fuskarta ba baƙuwa ba ce. Ta uku kyauta ce, mutane ne barkatai a duniya suka haɗa hannu suka gina ta. Ba ta da kwalliya ko kaɗan, kuma ba ka da wanda za ka kira, sai dai ka shiga zaurensu na intanet ka ajiye tambaya ka jira mai tausayi. Sai dai ba ta raina na'ura, kusan duk wadda ka ba ta za ta hau.

Wani zai karanta bayanin kowacce ya zaɓa a yini ɗaya. Tasi'u ba haka aka rene shi ba. Mahaifinsa bai taɓa yarda da sabon iri don an yabe shi a kasuwa ba. Sai ya ware masa 'yan kunyoyi a gefen gona, ya bar shi ya sha ruwa ya sha fari tare da na gida, kaka ta yi sannan a yi magana. Haka Tasi'u ya yi. Ya ba kowace manhaja nata faifan ajiya, ya kwafi aikin shagunan ya zuba mata, ya bar ta ta ga ranar kasuwa, ta ga ranar hadari. Wani lokaci da tsakar rana sai ya miƙa hannu ya zare wayar wuta da gangan, ya mayar, ya zauna ya zuba ido ya ga wacce za ta farka da hankalinta. Abdulƙadir, wanda ba ya rabo da tsokana, kullum ya wuce sai ya leƙo ya ce, "Malam Tasi'u, an fara fidda kai ko har yanzu ana noman farko?"

Ta biyu ce ta fara faɗuwa. Ci gare ta: kafin ta ba ɗakunan komai ta riga ta cinye rabo mai tsoka na ƙarfin na'urar, batir kuma ya fi saurin yin ƙasa a hannunta. Ta uku ta yi abin kirki, ko da yake akwai ranar da ta farka ta kasa ganin shagon taki, sai da ya bi ta da hannu ya gyara. Ta farko kuwa ko gezau. A zare wuta a mayar, ta tashi tsaf kamar ba a yi ba. Tasi'u ya ji daɗi har cikin ransa, don dama ita yake so, kuma yana son a ce gwaji ne ya zaɓe ta ba shi ba.

Ana cikin haka Jamil ya shigo ɗan ɗakin wata rana da hantsi, ya ja buhun masara ya zauna. Mutum ne mai nutsuwa, ba ya magana sai ya auna.

"Malam Tasi'u, na ji ka ce mai lasisin nan ta fi."

"Ta fi, gaskiya."

"To ka tsaya a kanta. Ni na ɗan bincika. In aka sa ta, abin ya zama ɗaya ke nan, da suna ɗaya. Duk wanda ya ce zai ja nasa ya ware sai ya yi tunani sau biyu. Ba don kaina nake faɗa ba, Allah ya sani. Na ga yadda ake yi. Mai gida ya kwanta dama, a yanka sana'a gunduwa-gunduwa, bayan 'yan shekaru ka nemi ko ɗaya ka rasa. Abin da Baba ya tara, a haɗe yake da ƙarfi. Kuma in yana haɗe, kai ma kana nan tare da mu."

Tasi'u ya ciro burushinsa yana kaɗe abin da ba shi da ƙura. Maganar ta shige shi, don babu ƙarya a cikinta, kuma ƙarshenta ya taɓa daidai inda yake masa ciwo.

Bayan la'asar ya je ya ba Alhaji rahoto. Ya faɗi wadda ta fi saurin tashi, wadda ta fi shan batir, wadda ke da masu amsa kira. Alhaji yana jan carbi yana gyaɗa kai, ko rabin bayanin bai tsaya masa ba. Da Tasi'u ya gama, sai tsohon ya yi tambaya ɗaya.

"Tana rabuwa?"

Duk Tsanyawa an san Alhaji Basiru da wannan tambaya, har ana kwaikwayonsa da ita a bayan idonsa. Ba ya sayen abu sai ya ji yadda za a yi da shi ranar rabon gado. An taɓa kawo masa babbar mota a farashi mai sauƙi, ya ƙi, ya sayi ƙanana guda uku. Shagunansa a jere suke amma kowanne da ƙofarsa da bangonsa, ba su haɗa ko taga ba. Ko rijiya bai yarda ya haƙa a kan iyaka ba. Mutane suna cewa Alhaji ya fi tunanin ranar mutuwarsa fiye da ranar kasuwa, shi kuwa ko a jikinsa. Abin mamaki shi ne Tasi'u, da duk gwaje-gwajensa, bai kawo wannan a ransa ba, ko kuma ya kawo ya kau da kai.

"Ban gwada wannan ba, Alhaji."

"To je ka gwada. Ni ban san sauri ba, ban san batir ba. Abin da na sani, kada in bar wa yaran nan abin da zai tsaya a tsakaninsu."

Ya gwada, kuma amsar ba ta yi masa daɗi ba. Mai lasisin tana rabuwa, in dai rabuwa ce a baki. Ana iya fitar da kowane ɗaki. Amma lasisin da ke da suna ɗaya ba ya yankuwa uku. Duk wanda ya fita sai ya nemi nasa, ya nemi irin na'urar da take yarda da ita, ya nemi wanda ya iya ta. Ƙaramin shago ba zai ɗauki wannan ba, saboda haka dole mai son fita ya haƙura ya zauna, ko yana so ko ba ya so. Ta kyautar kuwa, naɗe ɗaki ake yi ya zama fayil ɗaya, a zuba a faifan ajiya wanda bai fi tafin hannu ba, a kai wata kwamfutar a buɗe, ba neman izinin kowa.

Ga inda abin ya tsaya masa a wuya: zai iya komawa ya ce wa Alhaji mai lasisin tana rabuwa, kuma bai yi ƙarya ba. Tsohon ba zai taɓa gane sauran zancen ba. Babu wani a garin da zai gane.

Da yamma ya tarar da Asama'u a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ya zauna a kan turmi ya kwashe komai ya faɗa mata. Ya yi zaton za ta tsokane shi da zancen hula. Ba ta yi ba.

"Baban Fadima, ni dai tsoro nake ji," ta ce, hannunta bai daina aiki ba. "Ba ka ce ita ce ta fi kyau ba? Ai ba cuta ka yi ba in ka zaɓi mai kyau. Yaran nan fa suna girma. In aikin nan ya tafi, me za mu kama?"

"Ban sani ba."

"To ka yi tunani."

Ya yi ta yi kuwa, har abinci ya daina masa daɗi. Yana tausayin Asama'u, yana tausayin kansa, kuma yana jin haushin Alhaji kaɗan, mutumin da tambaya ɗaya tasa ta rushe masa aikin damina guda.

Ranar Juma'a ya tafi masallacin ƙauyensu kamar kullum. Manyan yayyensa biyu, Muhammadu Sani da Abdulrashid, suna nan, ɗaya a wannan kusurwa ɗaya a waccan. Haka suke zama tun bayan rabon gandu. An raba ƙasar lafiya, da igiya da shaidu. Abin da ya gagara itacen ɗorawa ne guda ɗaya da ya tsaya a kan iyakar su biyun. Dattawa suka ce su riƙa cin amfaninsa tare, suka ɗauka sun yi gyara. Shekara ta farko aka yi cacar baki a kan kalwa, ta biyu matansu suka shiga, daga nan gaisuwa ta mutu. Mutane biyu da suka sha nono ɗaya, yanzu furfura ta cika musu kai, amma in ɗaya zai yi wa ɗaya ta'aziyya sai ya aiko Tasi'u. Da aka sallame, ya bi Muhammadu Sani ta ƙofar gabas ya gaishe shi, sannan ya zagaya da sauri ya tari Abdulrashid a ƙofar kudu kafin ya hau keke. Ya saba da wannan zagaye har ya daina ganinsa. Ranar dai ya gan shi, ya tsaya a jikin bangon masallaci riƙe da takalmansa.

Washegari ya roƙi Alhaji ya tara 'ya'yansa a rumfa. Ya sa aka ɗauko tsohuwar kwamfutar injin mai, wadda ya riga ya share ya ɗora mata manhajar kyautar. A gabansu ya naɗe ɗakin man gyaɗa daga sabar, ya zuba a faifai, ya miƙa wa Ummu Salma.

"Hajiya, ke za ki sa da hannunki."

Ta karɓa tana dariya, ta ce ita fa in ta ɓata ba ruwanta. Ya nuna mata inda za ta danna. Aka ɗan jira, fankar tsohuwar na'urar tana gurnani. Sai ga shafinta ya buɗe, da sunayen matan da ke kawo mata gyaɗa, da jarkokin da suka fita shekaranjiya, komai yadda ta bar shi.

"Wannan ita ce ta kyautar, Alhaji," in ji Tasi'u. "Mai lasisin ta fi ta kyau, ta fi ta saurin tashi, ba zan ɓoye ba. Amma in an zo rabuwa, wahala gare ta, mai ƙaramin ƙarfi ba zai iya fita ba. Wannan kuwa kowa zai ɗauki nasa a aljihu. Ita nake ba da shawara."

Jamil ya dube shi, kallo mai tsawo, ba na faɗa ba. Kallon wanda ya miƙa maka hannu ne ka ƙi kamawa. Alhaji kuwa fuskarsa ta washe. Ya karɓi faifan ya juya shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Tasi'u. Yau zan yi barci." Daga nan ya shiga zancen farashin dawa. Tasi'u ya ɗan jira ko tsohon zai ce wani abu a kan makomarsa. Mutumin da ya tuna da mota, ya tuna da taga, ya tuna da rijiya, bai tuna da mai kula da kwamfuta ba. Ba mugunta ba ce, a idonsa Tasi'u ɗan gida ne, kuma bai taɓa kawo wa ransa cewa ɗan gida zai rasa wurin zama ba.

Asama'u ta yi kwana biyu tana ba shi amsa a gajarce, sannan ta sake. Shi kuma, tunda ya zaɓa, bai yi aikin rabi da rabi ba. Ya zaunar da kowannensu ya koya masa yadda ake naɗe ɗaki a ajiye, da yadda ake mayar da shi. Abdulƙadir yana wasa yana koyo, Ummu Salma ta fi su saurin kamawa, Jamil ya koya bakinsa a rufe. In wani ya ce, "Ai kana nan, Malam Tasi'u," sai ya ce a dai sake yi ya gani. Damina bayan damina ta zo ta wuce, hadari ya haɗu ya watse, layin manoma bai ƙara tsayawa don na'ura ta mutu ba. Shekarun nan su ne mafi daɗi a aikinsa. Yakan zo da sassafe ya buɗe ɗan ɗakin, ya kaɗe ƙaiƙayin da ya shigo ta ƙasan ƙofa, ya zauna ya sha kunu yana sauraren ƙarar fanka.

Alhaji Basiru ya rasu da kaka, ana tsakar shigo da gyaɗa, bayan gajeriyar jinya. Tasi'u ya yi kuka a maƙabarta, kukan da bai yi zato ba. Bayan an share makoki aka sa ranar rabo. Malamai suka zauna a zaure suka yi ƙiyasi, aka fitar wa matarsa Hajiya Larai nata, aka daidaita wa kowa da gona da fili yadda shari'a ta tsara. Jamil ya sake kawo shawarar a ci gaba a haɗe. Abdulƙadir ya ce yana son ya gwada ƙarfinsa, Ummu Salma ta ce ita ma haka, da girmamawa suka faɗa. Jamil ya nisa ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Kowa ya riƙe sana'ar da ke hannunsa, sabar ta faɗa rabon Jamil tunda a sitonsa take.

Aka kira Tasi'u bayan azahar. Kafin la'asar ya gama. Ya naɗe ɗakin taki ya ba Abdulƙadir, ya naɗe na mai ya ba Ummu Salma, kowa ya buɗe nasa a kwamfutarsa ya duba ya ce daidai ne. Sannan ya goge nasu daga sabar a gaban shaidu, don kada wani ya ce ana leƙa masa ɗaki. Wani tsohon malami cikin masu rabon ya ce ya daɗe yana wannan aiki bai ga dukiya mai yawa haka ta rabu ba a ji kan kowa ba, Allah ya jiƙan Alhaji da hangen nesa. Kowa ya ce amin, Tasi'u ma ya ce amin.

Sun yi masa godiya sosai. Abdulƙadir ya ce ai yanzu ya iya, amma in ta lalace zai kira shi. Ummu Salma ta faɗi haka. Jamil ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba, ya ce siton shi kaɗai ba zai iya biyansa albashi yadda Baba yake yi ba, amma in wani abu ya taso zai neme shi. Kowannensu ya ɗauka ɗayan zai riƙe shi, ko kuma ya so ya ɗauka haka. Aka shigo da tuwo, su ukun suka zauna a zauren mahaifinsu suna ci suna tuna yadda yake yi wa dillalai tambayarsa.

Tasi'u yana shirin tayar da babur aka ce Hajiya Larai tana kiransa. Tana cikin takaba, saboda haka a bakin ƙofar ɗakinta ya durƙusa, labule a tsakaninsu.

"Na ji an gama," ta ce.

"An gama, Hajiya. Lafiya lau, ba wanda ya ɗaga murya."

"Ina jiyo su. Rabon da in ji dariyarsu tare tun kafin ya kwanta. Kai fa, Tasi'u? Wajen wa ka faɗa?"

Tun safe yake tsoron kada wani ya yi masa wannan tambaya, kuma tun safe yake jin zafin ba wanda ya yi. Ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma.

"Sun ce in ta lalace za su kira ni."

"Tana lalacewa?"

"Ba sosai ba, Hajiya."

Labulen bai motsa ba. Daga zaure muryar Abdulƙadir ta taso yana ba da wani labari, Jamil yana cewa ba haka aka yi ba, Ummu Salma tana dariya har da tari.

"Ka san haka za ta kasance, ranar da ka zaɓa wa Alhaji?"

"Na sani."

Da ta sake magana muryarta ta canza, sai da ya matso kafin ya ji.

"Shi bai sani ba, ɗan nan. Wallahi bai sani ba."

"Na san bai sani ba, Hajiya," in ji Tasi'u. "Da ya sani, da ya kasa barcin."